Karatun Littafi Mai Tsarki a Waya: Yadda Mazaunin Zangon Akra Zai Zaɓi Manhajar da Za Ta Ɗore Masa

Duk wanda ya shiga Play Store ya nemi Littafi Mai Tsarki, manhajoji ne za su zubo masa rututu, kowacce da hoton gicciye ko na buɗaɗɗen littafi, kowacce tana cewa ita ce gaba. Mutum ya sauke uku ko huɗu a zama ɗaya, ya yi 'yan kwanaki yana karatu da zafi-zafi, daga nan data ta ƙare, ko waya ta ce ta cika, ko Turancin ya yi masa nauyi. Shi ke nan, sai kuma wata sabuwar shekara. Sau da yawa niyyar tana nan daram, zaɓin ne aka yi ba tare da an dubi harshen mai karatun, da ƙarfin wayarsa, da yadda yininsa yake tafiya ba.

Wannan jagora an rubuta ta ne domin Kiristocin da ke zaune a Nima, Maamobi, Kanda da sauran unguwannin zangon Akra da ke maƙwabtaka da su. Ƙidayar shekarar 2021 ta nuna Kiristoci sun haura kashi 71 cikin ɗari na mutanen Gana, Musulmi kuma sun kusa kashi 20. A zango lissafin juyewa yake yi. Musulmi ne suka fi yawa, Kiristan zango kuwa galibi ɗan arewacin ƙasar ne, daga cikin Frafra ko Kusasi ko Dagaaba ko Builsa, ko kuma baƙo daga Najeriya, Togo ko Burkina Faso. Da Hausa yake ciniki da hirar tsakar gida, da Turanci ya yi makaranta, da yaren garinsu yake magana da mahaifiyarsa. Irin wannan mutum manhaja ɗaya tak yake bukata, wadda ya gwada da kansa ya ga ta dace da shi. Ga yadda ake gano ta.

Fara da harshe

Kafin ka dubi sunan kowace manhaja, tambayi kanka: da wane harshe magana take shiga zuciyata ba sai na tsaya fassarawa ba? Gana tana da arzikin fassara. Littafi Mai Tsarki na harshen Ga, aikin Johannes Zimmermann na mishan ɗin Basel, ya fito a 1866, na Twi kuma, aikin Johann Christaller, a 1871. Harsunan arewa sun samu nasu daga baya, mafi yawa ta hannun cibiyar GILLBT da ke Tamale, wadda ta soma aiki a 1962, da kuma Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Gana. Na Hausa daga Najeriya ya zo. Cikakkiyar fassarar farko ta fito a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya taka babbar rawa a cikinsa. An yi sabuwar fassara a 1979, sannan ga Sabon Rai Don Kowa ta ƙungiyar Biblica, wadda aka yi da Hausar yau da kullum.

Sai dai Hausar zango da Hausar littafi ba su zama ɗaya ba. A Nima ba kowa ke bambanta namiji da mace a magana ba, kuma kalmomin Twi da na Turanci sun shige ta sosai. Ga shi Hausa ba ta cikin harsunan da makarantun gwamnati ke koyarwa, duk da cewa gidan rediyon GBC da ke nan Kanda ya daɗe yana watsa shirye-shirye da ita. Shi ya sa za ka ga mutum Hausa tar a bakinsa, amma da ka miƙa masa rubutu sai ya riƙa tuntuɓe. Wannan ba abin kunya ba ne, abin lura ne a wajen zaɓi.

Gwajin mai sauƙi ne. Ɗauki sura mai labari, kamar Luka sura 15 ko Markus sura 4. Karanta ta a fassara biyu ko uku: Hausa, Turanci, da yaren garinku in akwai. Bayan kowane karatu ka kife wayar, ka ba wani na kusa da kai labarin da bakinka. Fassarar da ka fi iya maimaitawa ba tare da ka leƙa ba, ita ce ta karatunka na kullum. Idan Turanci ne ya yi nasara, ka tuna shi ma iri-iri ne. King James ta 1611 tana da kwarjini a majami'un Gana, amma Turancinta ya tsufa. Good News ta 1976 da NIV ta 1978 sun fi sauƙin bi.

Abu na biyu shi ne majami'arku. Littafin da Furotesta ke amfani da shi yana da littattafai 66, na Katolika yana da 73. Wanda ke zuwa cocin St. Kizito a Nima, in ya sauke manhajar da babu Tobit da Sirak da Makabi, wata Lahadin zai nemi karatun ranar ya rasa. Tambayi fasto ko katekis wace fassara ake karantawa a sujada, ka tabbata tana cikin manhajar, ko da ba ita ce ta karatunka na gida ba.

Da ido za ka karanta ko da kunne?

Mutane da yawa sun bar karatu ne don sun ɗauka dole sai an zauna an zuba wa allo ido. Mai gadin dare, da tela, da mai suyar ƙosai, da direban tasi, hannunsu da idonsu suna kan aiki, kunne ne kawai a sake. Ga irin waɗannan, da wanda idonsa ya fara rauni, da wanda yake jin Hausa amma bai saba karanta ta ba, manhaja mai murya ita ce gaba da komai.

Nan ma akwai abin tantancewa. Wata manhajar muryar mutum ce aka naɗa, wata kuma na'ura ce ke karanta rubutun. Na'urar da aka gina don Turanci, in ta kama Hausa, kashe ta take yi: ba hawa da saukar murya, ba bambanci tsakanin gajeren wasali da dogo, har ma'ana ta ɓace. Saurari minti biyu za ka gane. Muryar mutum kuma iri biyu ce: akwai mai karatu ɗaya, akwai ta wasan kwaikwayo, inda kowane mai magana ke da muryarsa, da kiɗa a ƙasa-ƙasa. Ta biyun tana riƙe hankali a cikin hayaniya, ta farkon ta fi daɗi ga mai son yin bimbini a natse.

Mafi amfani ga ɗan zango ita ce manhajar da ke haɗa biyun, murya tana karantawa, rubutun yana gabanka, a wasu ma ayar da ake kai tana haskakawa. Wanda ya lizimci bin rubutu da ido yayin da kunne ke ji, cikin 'yan watanni zai ga karatun Hausa ya faɗa masa, har ɓ da ɗ da ƙ su daina ba shi tsoro.

Auna wayarka da aljihunka

Yawancin wayoyin da ke hannun jama'a a zango Tecno ne da Itel da Infinix, wasu sababbi, wasu na hannu daga kasuwar waya ta Tip Toe Lane a Circle. Da yawansu ma'ajiyarsu ƙarama ce, hotuna da bidiyon WhatsApp sun riga sun cinye rabi. Don haka ka san nauyin abin da za ka ɗora.

Rubutu ba shi da nauyi. Littafi Mai Tsarki gaba ɗayansa, in rubutu ne zalla, 'yan megabayit ne, bai kai gajeren bidiyo ɗaya ba. Murya ce mai ci. Sa'a guda ta murya mai matsakaicin inganci tana cin kusan megabayit 30, karanta littafin duka da baki kuwa yana ɗaukar sa'o'i 70 ko fiye. Ka ga ke nan abin ya kai gigabayit biyu. Dabarar ita ce kada ka sauke duka. Sauke littafin da kake ciki, misali Bisharar Markus, in ka gama ka goge ka sauke na gaba. Yi saukarwar inda akwai Wi-Fi, ko da datar dare mai rahusa da kamfanonin waya ke sayarwa. In wayarka tana karɓar katin memori, duba ko manhajar ta yarda a ajiye murya a kansa.

Caji ma abin lissafi ne, musamman ranar da aka ɗauke wuta. Allo ne ya fi shan batir, don haka sauraren abin da aka riga aka sauke, allo a kashe, ya fi komai sauƙi. Manhajar da ke cike da tallan bidiyo kuwa tana shan data da caji a lokaci guda.

Manhajojin da aka fi sani, da aikin kowacce

YouVersion, wadda a waya sunanta ke fitowa a matsayin Bible kawai, majami'ar Life.Church ta jihar Oklahoma a Amurka ce ta fitar da ita a 2008. Kyauta ce, ba talla, kuma zuwa 2021 an sauke ta sau miliyan 500. Tana da fassarori a harsuna masu yawan gaske, har da Hausa da Twi da Ga da Ewe, tana da tsare-tsaren karatu, da ayar yini, da damar jera fassara biyu don kwatantawa. Illarta nauyi da yawan ƙyale-ƙyale. Masu ita sun fitar da ƙaramarta, Bible App Lite, domin ƙananan wayoyi da wuraren da intanet ke wuya. In wayarka tana yawan tsayawa, da ita za ka fara.

Bible.is ta ƙungiyar Faith Comes By Hearing ce, da ke Albuquerque a Amurka, wadda aikinta naɗar Littafi Mai Tsarki da murya. Ita ce ta mai kunne. Tana da Hausa da harsunan Gana da dama. Naɗar murya ba baƙon aiki ba ne a Akra, domin ƙungiyar Theovision International, wadda Rabaran Theodore Asare ya kafa a 1989, ta daɗe tana naɗar Littafi Mai Tsarki da harsunan Afirka.

Ga mai neman yaren garinsu, shafin Scripture Earth yana tattara abin da aka fassara harshe bayan harshe, har da ƙananan manhajoji na harshe ɗaya. Irin waɗannan ba su da ado, amma ba su da nauyi, kuma da yawansu suna haskaka aya yayin da murya ke tafiya.

AndBible da MySword na masu Android ne da ke son nazari ba tare da intanet ba. Blue Letter Bible da Olive Tree sun dace da malamin makarantar Lahadi ko mai shirya wa'azi, don suna da sharhi da ƙamus, amma kusan komai nasu da Turanci ne, kuma wasu littattafan Olive Tree saye ake yi. Mai neman kafa ɗabi'ar karatu bai bukaci waɗannan a watannin farko ba.

'Yan Katolika suna da Laudate da iBreviary, masu kawo karatun Mas na kowace rana da addu'o'in yini. Hallow tana da kyau wajen addu'a da murya, amma babban ɓangarenta na biyan kuɗi ne. JW Library kuwa ta Shaidun Jehobah ce, da fassararsu da koyarwarsu. Kowace manhaja tana da masu ita, kuma haƙƙinka ne ka san su wane ne kafin ka ɗauke ta malamar kullum.

Gwada kafin ka amince

Ka zaɓi biyu kacal daga cikin waɗanda suka dace da harshenka da wayarka, ka yi musu wannan gwaji.

1. Buɗe jerin fassarori, nemi harshenka, ka taɓa alamar saukewa, wato 'yar kibiyar nan mai kallon ƙasa. Wata manhajar za ta nemi ka buɗe asusu na kyauta tukuna. Jira har ta nuna ta gama.

2. Kunna alamar jirgin sama a wayarka don layi da data su yanke. Rufe manhajar ɗungurungum, ka sake buɗe ta. Je Farawa sura 1, tsallaka Zabura 119, sannan littafin ƙarshe na Sabon Alkawari. In ta buɗe duka ukun nan take, ta ci. In wani da'ira ya tsaya yana juyawa a tsakiyar allo, to karatunka zai riƙa ƙarewa tare da datarka.

3. Kafin ka kashe alamar jirgin, taɓa alamar murya. A manhajoji da yawa saukar rubutu daban take, saukar murya daban, kuma nan ne mutane suka fi shan mamaki a ƙarshen wata.

4. Dubi haruffa. Nemi kalma mai ƙ ko ɗ ko ɓ. In ka ga ɗan akwati ko alamar tambaya a gurbin harafin, ko an mai da su k da d da b gaba ɗaya, aikin ba a yi shi da kula ba. Gwada bincike kuma, ka tuna sunayen littattafai sukan bambanta: Bisharar da wata fassara ta kira Yahaya, wata Yohanna take kiranta.

5. Ƙara girman rubutu, ka fita tsakar gida da rana ka gani ko yana karantuwa. Da dare ka gwada baƙin allo, don kada hasken ya tashi wanda kuke ɗaki ɗaya.

6. Ƙirga taɓawa nawa ke tsakaninka da inda ka tsaya jiya. In sun wuce uku, ko sai ka ratsa bidiyo da labarai da gaisuwar abokai kafin ka kai ga aya, wata rana a hanya za ka tsaya.

Yi mako guda da kowacce. Wadda ta fi, ka ajiye ta a fuskar waya inda babban yatsa ke fara sauka. Ɗayar ka goge ta.

Waɗanda za ka guje wa

Akwai manhajoji barkatai masu sunan Littafi Mai Tsarki na Hausa waɗanda wani ya kwafo rubutu daga wani wuri ya cika shi da talla. Alamarsu ta farko ita ce ba sa faɗin wace fassara ce, ko wace ƙungiya ce ta ba da izini. A irinsu akan tarar da aya ta ɓace ko sura ta yanke, mai karatu bai sani ba. Alama ta biyu talla ce da ke rufe allo a tsakiyar karatu, wani lokaci ma tallan caca ko na bashin gaggawa.

Ka lura da izinin da manhaja ke nema. Karatun aya bai bukaci saƙonninka na tes ko tarihin kiranka ba, kuma ka san a saƙon tes ne bayanan MoMo ɗinka, wato asusun kuɗinka na waya, suke shigowa. Manyan manhajoji sukan nemi lambobin abokai don haɗa ku karatu, kana iya ƙin yarda kuma su yi aiki lafiya. Duk wadda ta ce sai ka tura kuɗi kafin a buɗe maka wata addu'a ta musamman ko wani annabci, goge ta. Lambar sirrin MoMo kuwa ba a ba kowa, ko da sunan wa ya zo. Haka nan gwajin kyauta na 'yan kwanaki da ke neman lambar katin banki, in ka manta ba ka soke ba, cirar kuɗi zai fara.

Tura manhaja daga waya zuwa waya ta Xender ya zama ruwan dare saboda tsadar data, amma ka karɓa daga wanda ka san daga Play Store ya sauke. Sababbin manhajojin da ke amsa tambayoyin addini da ƙirƙirarriyar basira kuma, ka yi taka-tsantsan da su, domin sukan kawo amsa da cikakken ƙarfin gwiwa alhali sun yi kuskure, har su jingina magana ga ayar da ba ta faɗe ta ba. Tambaya mai nauyi ka kai ta wurin fasto ko Fada.

Zaɓi tsarin da ƙarfinka zai ɗauka

Littafi mai littattafai 66 yana da surori 1,189: Tsohon Alkawari 929, Sabon Alkawari 260. Mai son gama shi a shekara sai ya karanta sura uku zuwa huɗu kullum, babu fashi. Tsarin da Robert Murray M'Cheyne, wani fasto ɗan Sikotilan, ya shirya a 1842, wanda har yau yana cikin manhajoji, kusan sura huɗu ne a rana, yana ratsa Tsohon Alkawari sau ɗaya, Sabon Alkawari da Zabura sau biyu. Tsari ne mai kyau ga wanda ya riga ya saba. Sabon shiga da ya fara da shi, ko da karatu daga Farawa a jere, yawanci a Littafin Firistoci yake sarewa.

Fara da kaɗan. Markus sura 16 ce, rabin wata ya isa. Karin Magana sura 31 ce, kowace rana ka karanta surar da ta yi daidai da kwanan wata, in ka yi fashi ba ka da bashi, kwanan watan gobe zai gaya maka inda za ka buɗe. In ƙafarka ta kafu, ga lissafi mai daɗi: sura ɗaya a rana, kwana biyar a mako, mako 52, ya ba da 260 cif, wato Sabon Alkawari duka a shekara, da kwana biyu kowane mako na cike gurbi.

Wanda majami'arsa ke bin jadawalin karatu na shekara uku, kamar Katolika da Angilikan da Methodist, yana iya bin wannan jadawalin, abin da ya karanta a gida ya haɗu da wa'azin Lahadi. Littattafan ibadar yini irin su Daily Guide da Daily Power na Scripture Union, ko Abincin Yini da 'yan ECWA suka sani, suna taimakawa, da sharaɗin ka fara karanta nassin kansa kafin bayanin marubuci. Ayar yini ita kaɗai kuma ba ta isa ba. Ka taɓa ta, ka buɗe surar, ka ga abin da ya zo kafinta da bayanta.

Lokaci da wuri

Tunatarwar waya ba ta da ƙarfin abin da ka riga ka saba yi. Ɗaura karatunka a jikin wani abu da ba ya fashi a yininka. A zango akwai agogon da ba ya kuskure: kiran sallar asuba yana tashin unguwa duka, daga ƙananan masallatan lungu har babban Masallacin Ƙasa da aka buɗe a Kanda a 2021. Maƙwabta suna fita alwala, layin banɗaki bai yi tsawo ba, yara ba su tashi ba. Minti goma na wannan lokaci sun fi sa'a guda ta dare, lokacin da gajiya ta riga ta ci ƙarfin mutum. Wanda safiya ba ta yi masa ba, yana da zaman trotro, wato motar haya, a cunkoson hanya, abin sauraro a kunne, waya a cikin aljihu, ba a bakin taga ba. Mai shago yana da tsakar rana in ciniki ya lafa.

Kafin ka fara, kunna alamar jirgin sama. Wayar da ke ɗauke da Zabura ita ce ke ɗauke da WhatsApp da TikTok, kuma saƙo ɗaya ya isa ya janye ka.

Kada ka yi wa kanka gaggawa. Wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a jami'ar UCL ta Landan ya gano cewa sabuwar ɗabi'a takan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ta zama jiki, wasu mutane kwana 18, wasu har 254, kuma fashin rana ɗaya bai rushe ginin ba. Wannan ya shafi ƙirgen kwanaki a jere da wasu manhajoji ke nunawa. Yana ƙarfafa gwiwa, amma sau da yawa buɗe manhaja yake ƙirgawa, ba fahimta ba. In ya koma sifili, ci gaba daga inda ka tsaya, kada ka tara bashin sura goma ka ce sai ka biya a dare ɗaya.

Zaman gidan haya yana da ladabinsa. Ɗakinka da na Alhaji bango ɗaya ne, don haka abin sauraro a kunne ya fi sakin lasifika da asuba. Zauren WhatsApp na 'yan kasuwa ko na unguwa ba wurin tura aya kowace safiya ba ne, sai ga wanda ya nema. Zumuncin da ya sa Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Osman Nuhu Sharubutu, ya ziyarci cocin Christ the King a lokacin Ista na 2019, a irin waɗannan ƙananan abubuwa ake kiyaye shi.

Karatu da jama'a, da tsofaffi, da yara

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Nemi mutum uku ko huɗu daga ƙungiyar matasa ko zumuntar mata, ku amince da littafi ɗaya da fassara ɗaya. Kowa in ya karanta, ya tura saƙon murya na rabin minti: abin da ya gani a surar, da abin da bai gane ba. Ƙaramin zaure ya fi babba, domin a cikin mutum hamsin ba wanda zai lura ka yi shiru.

In za ka saita wa tsohuwa waya, kai za ka yi wahalar duka. Sauke muryar, ƙara girman rubutu, kashe sanarwar da ba ta da amfani, ka bar alamar manhajar ita kaɗai a fuskar waya. Sannan ka zauna kusa da ita, wayar a hannunta, ba a naka ba. "Mama, kin ga wannan hoton littafin? Taɓa shi. Yauwa. To ga wannan mai kama da kan kibiya, in kin taɓa zai fara karatu, in kin sake taɓawa zai tsaya." Bar ta ta yi da kanta har sai ta daina tambaya, ka dawo bayan kwana biyu ka duba ko wani jika bai goge ba.

Yara suna da Bible App for Kids, wadda YouVersion da ƙungiyar OneHope suka fitar a 2013, mai labarai da hotuna masu motsi. Ku kalla tare, sannan ka ce yaron ya ba ka labarin da Hausa ko da yaren gida.

Bayan wata guda

In wata ya cika, zauna ka yi wa kanka tambaya uku. Kwana nawa na karanta? Me zan iya faɗa daga abin da na karanta ba tare da na duba ba? Ranakun da na yi fashi, me ya hana ni? Amsar ta ukun ce za ta nuna gyaran. In data ce, ba ka sauke abin da ya kamata ba. In barci ne, lokacin ne bai dace ba. In rashin fahimta ne, koma ga gwajin harshe. In gundura ce, gwada murya ko rage yawan surori. Sauya abu ɗaya kawai, ka sake ba shi wata guda, kada ka koma Play Store neman sabuwar manhaja alhali matsalar tana wani wuri.

Waya tana faɗawa ruwa, tana ɓata, ana sace ta. In ka buɗe asusu, rubuta adireshin imel da kalmar sirri a wuri mai tsaro, don ayoyin da ka yi wa alama su biyo ka sabuwar waya. Ka tanadi ɗan littafin rubutu, kowace rana ka sa kwanan wata, da surar da ka karanta, da layi ɗaya na abin da ka ɗauka. Ka kuma mallaki Littafi Mai Tsarki na takarda a fassarar da ka zaɓa, domin ranar da waya ta kwana wurin mai gyara, karatun ya ci gaba daga surar da littafin rubutunka ya nuna.